Irin Kuɓewar Malam Jalo

Litinin, 8 ga Oktoba, 1962
Kwana saba'in da biyu da rasuwar mijina, Malam Jalo. Takaba. Daga ɗaki sai madafa, sai gindin katanga. Shi ya koya mini rubutu, ga shi yau littafinsa kaɗai nake yi wa magana. Ina fita takaba, Mainika zan koma, gidanmu.

Juma'a, 12 ga Oktoba
Garkarsa ta bayan gari ce a raina. Doguwar kuɓewar da ya ware don iri ta bushe a jikin kara, da yakuwa, da barkono. Na roƙi surukata, Inna Yelwa, ta bar ni in je in tsinko. Ta ce, "Mai takaba ba ta yawo." Ko kallona ba ta yi ba. Tun ranar jana'iza haka muke.

Asabar, 20 ga Oktoba
Motocin gyaɗa sai wucewa suke zuwa Kano. Ina jin su ta bayan katanga.

Lahadi, 28 ga Oktoba
Dabo, ƙanen Malam, ya ce jibi zai cire shingen garkar, baɗi gyaɗa zai shuka. Na ce awaki za su cinye irin. Ya yi dariya. "Matar Yaya, wa ya taɓa sayen keke da kuɓewa?" Na shiga ɗaki. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Talata, 30 ga Oktoba
Inna ta fita da sandarta tun da sassafe, ita da gwiwa ke hanawa zuwa rijiya. Sai azahar ta dawo, ƙafa duk ƙaya, ta zazzage busasshiyar kuɓewa da yakuwa da barkonon garkar daga haɓar zaninta a gabana. "Idona ba ya gani. Ki zaɓa." Muka zauna muna ɓarewa. Can ta ce, "Tun yana yaro miyar nan yake so." Ta ci gaba da ɓarewa. Ni ma.

Alhamis, 15 ga Nuwamba
Mun gauraya irin da toka saboda ƙwari, mun ɗura a gora uku. Ta nuna mini yadda ake liƙe bakin da laka.

Litinin, 3 ga Disamba
Na fita takaba. Bappa, ƙanen babana, ya zo da jaki don ya tafi da ni. Na ce masa barkonon bai gama bushewa ba, ya dawo bayan sati biyu. Ya bushe tun makon jiya. Inna ta ji ni, ta dai auna garin tuwo na mutum biyu.