Ɗan'uwan da Sabri Ya Tsinta a Jirgin Ruwa

Daga cikin jirgi, kusa da Bani Suwaif

Zuwa ga Yayata Nabiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Yaya Ra'uf da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwoyin nan, ya sa sanyin Kanada ya zo muku da sauƙi bana. Mu ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɗanmu Tariƙ ya bugo daga Kuwait, ya ce matarsa Shirin ta shiga watan haihuwa, ki sa ta a addu'a. Gwaggo Tahiyya kuma an sallame ta daga asibiti, har ta koma faɗa da maƙwabta, kin ga lafiya ta samu.

Kin san tafiyar nan da maigidana Sabri ya dame ni da ita tun da ya yi ritaya, daga Aswan har Alƙahira ta kogi. To, makonni ke nan muna kan ruwa. Kogin bai yi mini laifin komai ba, mutanen jirgin ne suka ishe ni. Tun ranar farko aka haɗa mu tebur da wani tsohon likitan haƙori, Dakta Hishmat, da matarsa Madam Fayiƙa. Shi mai tumbi ne da rinannen gashi, baƙi ƙirin kamar an zuba masa kwalta, kuma duk abin da aka nuna mana ya ga wanda ya fi shi a Turai. Ita kuwa ba ta dariya sai ta ɗaga hannu don a ga warwaro. Ta taɓa kama mayafina da yatsu biyu ta ce, "Kai, Hajiya, ashe har yanzu ana sayar da irin wannan? Kakata ma tana da shi." Mijin har yau bai riƙe sunan Sabri ba, yau Sabir, gobe Sami. Amma mijin ƙanwarki yana biye da shi kamar jela. Shi ne ja masa kujera, shi ne barinsa ya ci a karta, shi ne ƙyaƙyata dariyar labari ɗaya da muka ji har muka haddace.

Shekaranjiya aka ce washegari za mu isa, sai aka shirya walimar bankwana a saman jirgi bayan la'asar. Yaya, da kin ga abin kunya. Manya masu jikoki, waɗanda suka yi ta ture juna a layin tattabaru da miyar lalo, su ne rungume da juna suna kuka wiwi. Wata da ta kai ƙarar maƙwabciyarta wurin manaja saboda minshari, ita ce ta jiƙa mata kafaɗa da hawaye. Ana ta karɓar lambobin waya, ana rantsuwar za a haɗu duk shekara. Wani ya ce a nan ya san daɗin zumunci, alhali da kunnena na ji yana alfahari bai taka gidan ƙanensa ba tun rasuwar ubansu. Rana tana faɗuwa bayan dabinai, ruwan ya yi ja, abin da ya isa mutum ya yi shiru ya gode wa Allah. Ina! Majina kawai ake ja.

Ina cikin wannan takaici sai na ga Sabri ya miƙe yana ƙwanƙwasa kofi da cokali. Mutumin da ko ɗigon hawaye bai yi ba ranar da Mama ta rasu, wanda ya raka ɗansa filin jirgi yana duba agogo kada a fara ƙwallo ba shi, shi ne muryarsa ke rawa. Ya ce Dakta ɗan'uwansa ne da uwarsa ba ta haifa ba, ba zai iya rabuwa da shi haka kawai ba. Sannan ya ce muna da gida a Iskandariyya, su zo su yi zafin bana duka a ciki. Muna da gida! Gidan Mama fa yake nufi, Yaya, namu ni da ke. Aka yi ta tafi. Madam Fayiƙa ta share hawayen da babu, ta tambaye ni ko baranda tana kallon teku. Ta ƙara da cewa in akwai tarkacen tsofaffi a kwashe kafin su zo, ƙura tana tayar mata da asma. Gadon Mama da keken ɗinkinta da kujerar Baba, su ne tarkace. Na ce mata gidan yana da mai shi, tana Kanada, kuma ba ta da sanyin hali irin nawa. Ta yi dariya ta ɗauka wasa nake. Da muka koma ɗaki na ce da Sabri bai isa ba. Ya ce ni dai ba ni da zuciya, ya riga ya yi alkawari a gaban maza, ba zai karya shi ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don kin san ɗaya makullin yana cikin makullansa.

Da gari ya waye sai muka ji jirgin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Ruwa ya ja baya, mun hau yashi. Kyaftin ya ce sai an kawo wani jirgin ya ja mu, bai san yaushe ba. To, ga mutanen da suka gama bankwana da kuka, ga su kuma a layin wake da burodi, ba mai iya haɗa ido da wani. Kafin azahar an fara zage-zage a kan kujerun inuwa. Ni abin da ya dame ni daban ne. Maganin zuciyar Sabri ya ƙare, don iya na tafiyar ya ɗauko. Aka ce wani ƙaramin kwalekwale mai inji zai kai marasa lafiya gaɓa, manaja ya sa sunanmu a cikin masu tafiya. Muna saukowa sai ga Dakta da akwatunansa ya sha gabanmu, yana cewa shi likita ne, marasa lafiya suna jiransa. Wanda ya rufe asibitinsa tun kafin a yi wa Tariƙ aure! Ya bangaje Sabri da gwiwar hannu ya ce, "Matsa mana, Malam Sami, ba ka ga ana sauri ba?" Ya zauna, matarsa ta zauna, akwatunan suka cinye gurbinmu. Mai kwalekwale ya ce ya cika, ya ja. Sabri yana tsaye, hannu a ɗage yana jiran a waiwayo. Dakta bai waiwayo ba. Matarsa ce ta waiwayo, ta ɗaga murya ta ce, "Hajiya, kar a manta da zancen makullin nan!"

Na so in yi dariya, wallahi, sai na ga leɓɓan Sabri sun yi fari. Na kama shi na zaunar da shi. Allah ya kawo mana wani tsohon injiniya daga Tanta, Malam Wadi'u, wanda matarsa ta rasu bara. Shi kaɗai yake cin abinci tun farkon tafiya, a walimar ma ba wanda ya rungume shi. Ashe irin maganin yake sha. Ya raba nasa biyu ya ba mu rabi, ya koma kujerarsa ba surutu. Allah ya saka masa da alheri. Sabri ya dawo daidai. Sai bayan magariba ya ce da ni a hankali ya yi kuskure a zancen gidan. Na ce a raina to, an yi hankali.

Yau da safe na hau sama neman shayi, sai na hango Sabri da injiniyan nan a jikin ƙarfen jirgi. Hannun Sabri yana kan kafaɗar injiniya, idanunsa sun cika taf. Da na matso, kalmomi biyu na tsinta, teku da baranda. Saboda haka ina roƙon ki, da zarar layin waya ya samu na turo miki hoton takardar nan, ki bugo wa Baba Abduh mai gadi ya sauya kwaɗon gidan, ya riƙe makullin a wurinsa. Ke kaɗai yake jin maganarki. Injiniyan mutumin kirki ne, zan dafa masa tattabaru da hannuna a gidana na unguwar Shubra, amma ba wanda zai kwana a ɗakin Mama. Ki hanzarta, Yaya. Jirgin har yanzu bai motsa ba, kuma akwai sauran maza da yawa a cikinsa da Sabri bai gano 'yan'uwansa ne ba tukuna.

Ki gaishe mini da Yaya Ra'uf, da Nuha da mijinta, da Karim, ki sumbaci 'yar jikarki Salwa a madadina. Sabri ma yana gaishe ku, ko da yake bai san abin da na rubuta ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Busaina