Ɓargon da Na Ba Ƙanwata Yana Yaƙar Hanjinta

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni makanike ne. Autarmu malamar makaranta ce, sankarar jini ta kama ta. Da aka ce sai dashen ɓargo, nawa ne ya dace, har ina tsokanarta wai ta kusa fara gyaran mota. Bayan dashen sai gudawa ta sarƙe ta, har da jini. Likita ta ce ƙwayoyin da aka ɗiba a jikina ne ke yaƙar hanjinta, kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi ta ɗura mata sun share har masu amfanin da ke zaune a cikin kowa. Maganin da ake ba ta ya ƙi ci. Ta rame, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu.

Abin da ya rage, in ji likita, a tace ƙwayoyi masu amfani daga bayan gidan mai lafiya a sa mata. Mijinta ya rantse ba za a sa wa matarsa ƙazanta ba. Innarmu ta daina haɗa ido da ni. Ni kuwa ko sifana ba na iya riƙewa. Anti, ni ne ajalinta?

Yayan Auta

Ɗan'uwana, ba kai ba ne. Ba don ɓargonka ba, da wataƙila ba a kawo yau ba. Wannan matsala sananniya ce bayan dashe, kuma bincike ya nuna takan fi tsanani idan ƙwayoyin hanji suka ƙaranta.

Kada ka ɗauki mijin ƙanwarka abokin gaba. Tsoro ne ke cin sa, kuma yana da hujja: hanyar sabuwa ce, ba kowa take yi wa aiki ba, mai raunin jiki na iya ɗaukar wata cutar ta nan. Amma ƙin yin komai ma haɗari ne, babba. Ku je wurin likitar tare yau, ta bayyana yadda ake tantance mai bayarwa, ta faɗi gaskiyar lokacin da ya rage. In najasa ce damuwarsa, ku nemi malami mai fahimtar lalurar jinya.

Sai dai a duk wasiƙarka ban ji ta bakin Auta ba. Jikinta ne, kuma tana cikin hayyacinta. Ka wanke hannu, ka zauna kusa da gadonta, ka tambaye ta abin da take so tun tana iya amsawa.

Allah ya tashi kafaɗunta, ya sanyaya zukatanku.