Ƙasar da Ake Saya a Buhu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Ni lafiya lau nake, kada Inna ta damu. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Kukan ne dai har yanzu bai zo ba.

A ofishin da nake shara akwai wani tsiro a tukunya, mai ganye kamar gashin tsuntsu. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da na ga yana yaushi sai na fitar da shi rana, yadda Baba ya koya mana. Ashe ɗan inuwa ne, ganyen ya ƙone. Shugabarmu ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Tukunyar ce ta yi masa kaɗan, sake masa ƙasa."

Yaya, a nan ƙasa a buhu ake sayo ta. Da na zare shi na tarar saiwar ta nannaɗe kanta, ta cinye ƙasar kaf. Na warware ta a hankali, na zuba sabuwa, na danna da tafin hannu. Rabona da taɓa ƙasa tun barina gonarmu. Na shinshina, ba ta ƙamshin komai.

Ka gaida yara, ka ce wa Auta ta dage da karatu. Sannan don Allah ka faɗa mini, ranar da kuka rufe Baba, wa ya zuba masa ƙasa a madadina? Ta tukunyar nan tana cikin farcena, ban wanke ba tukuna.

Ƙaninka.