Zanen Baba a Zaure

Zuwa ga ƙanwata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da duk mutanen Ƙofar Sauri. Ni lafiya lau. Sanyin Turkiyya ya ɗan taɓa mini ƙirji, amma na fara warwarewa, kada ki faɗa wa Inna.

Na ga zanen Baba da kika turo ta waya. Hannunki ya faɗa sosai. Layi ɗaya kika ja daga hularsa har gwiwa, kika zaunar da shi a gefen takarda, hasken ƙofar zaure ya cika sauran.

Sai dai na kasa daina kallonsa. Na san ba kya ƙari a zane. Me ya sa wuyan rigarsa ya yi masa yawa? Kafaɗarsa ta dama ta sauka, hannun yana kwance a cinya, carbi ya koma hagu.

Duk sanda na kira, sai ku ce yana masallaci. Don Allah ki faɗa mini gaskiya. In ta kama, zan bar jarrabawa in taho.

Allah Ya ba shi lafiya.

Yayanki,
Hussaini