Yaya Rabi, Sun Ce In Goge Rubutun Albasa

Assalamu alaiki, Yaya Rabi.

Na san gaisuwar da ke isa gare ki yanzu addu'a ce kawai, kuma ita ba na fashinta. Amma yau ina da ƙorafi, kuma ban da wanda zan kai wa sai ke. Masu bin wannan shafi su yi haƙuri su karanta daga gefe, da ke nake.

Ke kika jefa ni cikin wannan harka, kada ki ce kin manta. A Jega muka haɗu, wurin horon da aka yi wa malamai kan koyarwa da kwamfutar hannu da majigi. Ke daga makarantarku ta Maiyama, ni daga tamu ta Aliero. Ranar ƙarshe aka ce kowa ya buɗe bulog, ya riƙa rubuta yadda darasinsa ya gudana, abin da ya yi kyau da wanda ya ɓaci, sauran malamai su karanta su ba shi shawara. Na ce ni ban iya tallar kaina ba. Kika karɓe wayata, kika buɗe min shafin da hannunki, har sunan ma ke kika zaɓa.

Rubutuna na farko, kin tuna? Na gode wa Allah, na gode wa shugaban makaranta, na gode wa waɗanda suka kawo kayan, na ce yara sun ji daɗi ƙwarai. Malamai suka yi layi a ƙasan rubutun suna sharhi: Allah shi ƙara basira, Malama. Ke kaɗai kika rubuta, "Wagga gaisuwa ta, Zuwaira, ba nazari ba. Mi yaɓ ɓaci cikin ajin?" Kwana uku na yi ban kira ki ba don haushi.

Daga baya na gane inda kika dosa. Na fara rubuta ranar da majigi ya ƙi tashi na cinye rabin darasi ina fama da waya, da ranar da na lura 'yan gaba ne kawai ke taɓa kwamfutocin, na baya sai leƙe. Kina yi min tsiya, ina gyarawa. Duk wani abin kirki da na iya a ɗakin kwamfuta, a ƙarƙashin tsiyarki na koye shi. Da ciwo ya kwantar da ke ma ba ki bar ni na huta ba, sai da Allah ya karɓi abarsa.

To ga abin da ya faru bayanki.

Zangon da ya wuce na zo kan darasin adana amfanin gona. Na sauko da wani bidiyo na ƙasar waje, manyan ɗakunan sanyi cike da albasa, komai tsaf. Ya burge ni, Yaya. Na haska wa 'yan ajina, na ce wannan ita ce hanyar zamani, albasa sanyi take so. Suka kalla shiru, suka kwafe abin da na rubuta a allo. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Ki duba fa inda nake tsaye ina wannan bayani. Aliero. Yaran da tun suna goye ake zuwa da su gonar albasa. Ni kuwa 'yar cikin Jega, iyakar sanina da albasa in taya a kasuwa in yanka a miya.

Da na yi musu gwaji, na tambayi hanya mafi kyau ta adana albasa. Fiye da rabinsu suka rubuta rudu, wannan shimfiɗar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a zuba albasa a rufe da ciyawa, iska na ratsa ta. Na bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, ina ma jin haushin ba su saurari bidiyo ba.

Bayan kwana biyu wani dattijo daga Kashin Zama, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya zo makaranta. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, har na ɗauka gaisuwar ce ta kawo shi. Da zai tashi ya ce, "Malama, albasarmu iska taka so. In ta jiƙe ta tahi. Ɗiyata ba ta yi ƙarya ba." Ya sa takalminsa ya tafi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe alli.

Na sake duba takardun, na mayar wa yaran makinsu, na ba su haƙuri a gaban aji. Sannan na yi abin da kika koya min, na rubuta. Na ce na bar bidiyo ya yi tunani a madadina. Na ce na ɗauki shirun yara a matsayin fahimta, alhali kunya ce ta hana su gyara wa malamarsu. Na ce nan gaba kafin in haska musu komai, sai na fara tambayarsu yadda ake yi a gidajensu. Har na tsara za mu fita da kwamfutocin, su ɗauki hoton rudu, su tambayi iyayensu, su haɗa nasu bayanin da kansu. Wallahi ban taɓa rubutun da na ƙaru da shi kamar wannan ba.

Yaya, ashe laifi na yi.

Wani ya tura rubutun zauren malamai na waya, daga nan ya kai ofishin ilimi. Shugaban makarantarmu ya kira ni. Ba mugun mutum ba ne, kin san shi, tsoron magana ne ya yi masa yawa. Ya ce na tona asirin makaranta. Ya ce mutanen gari za su ce an kawo musu malamar da ba ta san albasa ba, masu kayan kuma su ce ba mu iya amfani da su ba, su kwashe. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Malami ba shi faɗin kuskurenai a kasuwa. Ki goge kafin Litinin, ko ki kawo mabuɗin ɗakin kwamfuta."

Na ce ranka ya daɗe, ai don wannan aka ce mu buɗe shafin. Ya ce sauran malamai ma suna da shafi, me ya sa nasu bai jawo magana ba? Na fito ina ba shi amsa a zuciyata. Nasu bai jawo magana ba saboda babu komai a ciki. Hoton yara riƙe da kwamfuta, kowa na murmushi, an yi nasara, an yi nasara. Shekara nawa ana nasara, kuma har yau akwai malamin da in wutar sola ta ɗauke sai ya sallami aji.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na 'yan'uwanmu malamai. Wata daga Jiga Birni ta kira ni ta ce irin haka ta taɓa faruwa da ita a darasin kiwo, gaban 'ya'yan Fulani. Wani daga Maiyama, cikin waɗanda kika horar daga baya, ya ce rubutun ya sa ya canza yadda yake fara darasi. Na ce don Allah ku rubuta hakan a ƙasan shafin, shugabanmu ya gani. Kowa sai ya ce a dai rufa asiri, kada a ambaci sunansa. A waya duk jarumai ne. Na gaji da mu, Yaya. Muna so mu ƙaru, amma ba ma so a san akwai abin da ba mu sani ba.

Kuma ke ma ina jin haushinki, bari in faɗa. Kin koya min in faɗi gaskiyar ajina, ba ki zauna kin ga abin da ake yi wa mai faɗa ba. Da kina nan da tuni kin hau mota daga Maiyama kin zo ofishin nan da mayafinki a kafaɗa, kin yi masa bayanin da ni bakina ya kasa. Ina kewarki, har da faɗanki.

Na buɗe shafin sau da yawa da niyyar gogewa. Dannawa ɗaya ce. Amma in na goge, na koma mai rubuta godiya, kuma na gaya wa yaran nan cewa haƙurin da na ba su na cikin ɗaki ne kawai.

Yau Litinin. Ban goge ba. Da safe na ajiye mabuɗin a teburinsa, ya karɓa bai dube ni ba, ya jefa a aljihun tebur. Babu wani malamin da zai buɗe ɗakin, na sani, shi ma ya sani.

Gobe ina da 'yan ajin nan a darasi na biyu. Sun riga sun nemi izinin iyayensu, sun raba kansu rukuni-rukuni, sun zaɓi rudun da za su ɗauka. Ba su san komai ba tukuna. Ni zan tsaya gabansu in ce fitar ta fasa, kuma su ne za su biya abin da ni na zaɓa. Ban sani ba ko gaskiya na riƙe ko taurin kai na yi, kuma ke kaɗai ce za ki iya gaya min ba tare da kin lallashe ni ba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Rabi, ya yalwata makwancinki, ya sa abin da kika koyar ya riƙa isa gare ki. Ni kuma ya ba ni bakin da zan yi wa yaran nan magana gobe.

Ƙanwarki,
Zuwaira