Direba Na Biyu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da yake ta kuka da ita.

Sau huɗu ina kiranka ba ka ɗaga ba, shi ya sa na koma takarda.

Yaya, na samu aikin nan na kamfanin magunguna, na zagaya shaguna da kaya. Sharaɗinsu ɗaya ne: ranar ɗaya ga wata in zo da mota da cikakkiyar inshora a hannu. Na gaya wa Baba da daddare. Da safe sai na tarar da makullin motarsa kusa da kofin shayina. Ya ce gwiwa ta hana shi taka kulochi, in ɗauka, ta zama tawa. Ihun da na yi har maƙwabta sai da suka leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. Ofis huɗu na shiga neman inshora. Duk wanda ya ga shekaruna ashirin da biyu da lasin ɗan wata uku, sai ya danna kwamfuta ya faɗo kuɗin da ya fi albashina na wata huɗu. Wani har cewa ya yi, "Ƙanwata, irinku ne ke cinye mana riba." A na biyar na samu wata mata mai tabarau, ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce in na yarda a maƙala wa motar wata 'yar na'ura mai lura da gudu da yadda nake taka birki, za a rage. In kuma na sa sunan wani babba mai tsaftataccen lasin a matsayin direba na biyu, kuɗin zai sauko kusan rabi. Wannan kam zan iya.

Na ce wa Baba in sa sunansa, ya ce a'a, ya kuma ƙi faɗin dalili. Ka san shi. Saura kai. Shekara goma sha ɗaya kana jan motar kamfaninku ko madubi ba ka taɓa fasawa ba. Hoton lasin kawai nake so, sannan matar za ta kira ka ta tabbatar. Don Allah Yayana, kwana goma sha biyu suka rage.

A gaida Anti, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta. Muna lafiya. Ina taya ki murnar aiki, Allah ya sa albarka.

Labarin mota kuwa ya riga takardarki zuwa. Gwaggo ta kira ni tun ranar, tana ta sa miki albarka kamar ke kika ƙera ta. Wannan ne ya sa ban ɗaga wayarki ba, ban so in faɗi abin da zan yi nadama.

Ke yarinya ce lokacin, ba za ki tuna ba. Shekara tara ina wanke motar nan kowace safiya kafin in tafi makaranta. Na san wace taya ce ke sace iska, na san yadda ake lallaɓa ƙofar baya kafin ta buɗe. Ranar da na samu lasin na roƙi Baba ya bar ni in zagaya layinmu sau ɗaya ni kaɗai. Ya kalle ni ya ce, "Mota ba abin wasan yara ba ce." Ina da shekara ashirin da huɗu a lokacin. Ranar da Antinki ke naƙudar ɗanmu na fari, tasi na tsayar a bakin titi, motar tana cikin gida an rufe ta da tamfol. Ke kuwa an ajiye miki makulli kusa da shayi. Ashe abin wasan yara ne, ya danganta da wane yaro.

Ban ce laifinki ba ne. Faɗa kawai nake don ki san abin da kike roƙo.

Ga hoton lasin nan na haɗo. Ki ba matar lambata ta kira. In ta tambaye ni zan amsa.

Ki gaida Baba, ki ce ina masa sannu da gwiwa.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, don an koya min in fara da ita.

Yau na koma ofishin da kuɗina a jaka. Mai tabarau tana ganina ta cire tabaran ta ajiye, ta ce, "Zauna, 'yata. Wannan yayan naki, uwa ɗaya uba ɗaya kuke?"

Na ce ƙwarai.

Ta ce, "Abu biyu na tambaye shi, sunansa da shekarar da ya samu lasin. Shi kuma ya ba ni labarin get."

Get, Yaya! Bara ne, ina koyon baya da baya a tsakar gida na gogi ƙarfen get, fenti ya ɗan kankare. Ba a bugi kowa ba, ko bakanike ba a kira ba. Kai ka mai da shi hatsari. Ka kuma ƙara mata da cewa kai ba ka jin za ka taɓa tuƙa motar, suna kawai aka ara. Ta ce wayarsu ana naɗar ta, abin da ya shiga ya shiga. Ba za ta iya sa sunan mutumin da ya ce da bakinsa ba zai tuƙa ba, kuma dole ta rubuta get ɗin. Sabon kuɗin da ta nuna min ya fi na farkon ma. Na fito na zauna a kan matakala, mai gadi yana ta ce min sannu, ya ɗauka rasuwa aka yi min.

Tunda ka buɗe tsohon zance, bari ni ma in buɗe nawa. Ka ce ba zan tuna ba. Na tuna sarai. Ina leƙe ta taga duk ranar Asabar, kai a kan sitiyari, Baba a gefenka, hannunsa a kan naka yana nuna maka giya. Ku fita filin bayan makaranta ku yi awa biyu, ku dawo kuna musu kuna dariya. Ni da na ce ya koya min, kuɗin makarantar tuƙi ya miƙo min, wani baƙo mai warin taba ya koya min yana daka min tsawa. Ko sau ɗaya Baba bai taɓa zama a gefena ba. Har yau bai ga tuƙina ba. Kai ka samu Baba, ni na samu tsohuwar mota mai shan mai, kuma ita ɗin ma ka tsaya a gabanta.

Ban gaya masa abin da ka yi ba. Ba don kai ba, don shi.

Saura kwana shida. In aikin ya kuɓuce, ka san hannun da ya ture shi.

Auta

*

Auta,

Na ga saƙonki. Ƙarya na yi? Kin gogi get ko ba ki goga ba? Kuma yaushe aka taɓa ba ni motar da zan ce wa mata zan tuƙa?

Asabar ɗin da kike leƙe ta taga, da kin matso kusa da kin ji abin da ake faɗa min a ciki. Awa biyu na "ba haka ba", "kai ba ka da kai ne?" Dariyar da kike gani, ni ke yin ta don kar Umma, Allah ya ji ƙanta, ta gane na yi kuka a hanya.

Na san abin da na yi. Ina ajiye wayar na ji daɗi, daɗin da bai kai minti biyar ba. Antinki ta ji komai, tun ranar ba ta yi min magana sai ta dole. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Yayanki

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutun, ya yi manya kuma ya karkace. Za ka ji dalili.

Ƙanwarka ba ta gaya min komai ba. Amma kwana uku mota ba ta motsa ba, ita kuma ba ta cin abinci. Na kira Gwaggonku, ta ji daga matarka, ni na ji daga gare ta.

Ni ka nufa da jifan nan, ita ka samu. Wannan bai dace da kai ba.

Yanzu ka saurara. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Wata biyar da suka wuce na je sabunta lasin, aka tsayar da ni gaban allon haruffa. Layin farko na karanta, na biyu na yi ta kame-kame, na uku ban ga ma akwai shi ba. Yaron ofishin ya yi min ladabi ƙwarai, amma bai ba ni lasin ba. Shi ya sa na hana ta sa sunana, ba ni da abin da za a sa. Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama ana iya ceto shi in an yi aiki. An ba ni ranar sha tara ga wata mai kamawa. Auta ba ta sani ba, kuma ban so ta fara sabon aiki da wannan a ranta. Gwaggonku ma ba ta sani ba, in ta sani gari ya sani. Kai kaɗai na gaya wa, don ina bukatar wanda zai kai ni, ya sa hannu a takarda, ya zauna a waje bai yi kuka ba.

Maganar da, na takura maka, na sani. Motar nan ita ce abu na farko da na mallaka a duniya, ina tsoron abin da zai same ta, ina tsoron abin da zai same ka a cikinta, ban iya bambance tsoron biyu ba. Kai ne na fari, a kanka na koyi zama uba, kuma ban iya sosai ba. Ranar haihuwar ɗanka da ka zo ka tambaya da na ba ka. Ba ka tambaya ba, ni kuma ban miƙa ba. Halinmu ɗaya.

Ka gyara abin da ka ɓata kafin ɗaya ga wata. Ba roƙo nake ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Jiya na ɗauki hutun rabin rana na je ofishin da kaina. Matar ta wanke ni tas a gaban mutane, na tsaya na sha. Na kai mata takardar shaida daga kamfaninmu, na sa hannu cewa zan riƙa tuƙa motar, kuma da gaske nake. Get ɗin ba ya gogewa, don haka kuɗin ya ɗan haura rabin nan da ta fara faɗa miki. Abin da ya hau na biya. Kar ki gode min, ni na jawo. Ki je gobe da safe a maƙala na'urar, ki karɓi takardarki.

Ranar sha tara ga wata mai kamawa ki nemi wata hanyar zuwa aiki, ina bukatar motar tun safe. Ni da Baba za mu fita.

Ya rubuto min. Kar ki tambaye ni me ya ce, tsakanina da shi ne.

Ban ce na huce ba. Amma ki yi tuƙi a hankali, sunana na kan takardar.

Yayanki