Na Fanso Gonarki ta Bakin Ruwa, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya kai haske makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma tun jiya labarin nan yake cin raina, kuma ke kika fi kowa cancantar jin sa. Masu karantawa su yi haƙuri, yau da Innata nake.

Kin tuna ranar da sunana ya fito a makarantar koyon aikin jinya a Kano? Kina gaban tukunyar turara shinkafa na gaya miki, ko ɗago kai ba ki yi ba. Ni ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barin ki kin kira sunana ba, balle ki yi mini guɗa. "Ke 'yar nan" ne sunana a bakinki. Amma da la'asar kika yafa mayafi kika nufi gidan Malam Ilu, aminin marigayi Baba, kika jinginar masa da gonarki ta bakin ruwa wadda kika gada. Ya ba ki kuɗin makarantata, a kan zai riƙa noma ta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Babu takarda, babu sa hannu. Na yi kuka na ce a fasa, kika ce, "Gona ba ta gudu, karatu ne yake gudu."

Ba ki ga ƙarshen shekarata ta farko ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinki Malam Ilu ya sa aka kira ni zaurensa. Ya ce, "Kada ki jira sai kin gama karatu kafin ki fanshi gonar nan. Ni ina jin jikina. Na gaya wa yarana gonar ba tawa ba ce, amma in na faɗi tana hannuna, ba ni da tabbacin ba za a sa ta cikin gado ba." Ranar na san tsoro, Inna.

Sai na sauko da tukunyarki. Ni da kike cewa hannuna bai iya komai ba sai riƙe biro! Duk Juma'a in taho gida, in turara shinkafa, in shanya, in kai inji, ran Lahadi in hau mota da buhu zuwa makaranta. Kwano-kwano nake sayar wa ɗalibai da matan malamai. Ƙawayena suka sa mini Hajiya Kura, sunan garin masu turara shinkafa, wai ko na yi wanka ƙaurin hayaƙi nake yi. Da farko abin yana yi mini ciwo, daga baya har amsawa nake, tunda masu tsokanar su ne masu sayen. Sau biyu ina gyangyaɗi a aji malami yana kora ni waje. Duk abin da ya taru in kai wa Malam Ilu, ya karɓa ya sa mini albarka.

Kin fi ni sanin ƙa'idar jingina: ba a fansar gona da shuka a cikinta. In mai riƙo ya dasa, sai a jira ya kwashe amfaninsa. Bana, da aka girbe shinkafa aka fara shirin noman rani, saura kaɗan in cika, sai jarrabawa ta riƙe ni mako uku ban leƙo gida ba. Na san kowa yana dashen tumatir. Na san kuma Malam Ilu a zaune yake salla yanzu. Na cire rai, na ce shi ke nan, sai kuma wata kaka, in yana da rabon ganin ta.

Da na gama na haɗa cikon na taho, ta bakin gonar na bi. Gonakin maƙwabta duk sun yi kore shar. Taki kuwa an yi huɗa, an ja fangali, amma ko tushe ɗaya ba a dasa ba.

Na tambayi Malam Ilu dalili, ya ce ciwon baya ne, kuma 'yan ƙwadago sun yi tsada. Matarsa Iya Abu ce ta tona shi a madafa. Ashe irin tumatir ɗinsa ya isa dashe tun tuni, ya bar shi ya yi ta tsawo har ya fara fure ya lalace. 'Ya'yansa sun yi magiya har sun gaji, ya ce babu mai dasa komai sai yarinyar nan ta zo. Ke kin san abin da tumatir ɗin farko yake nufi ga manomin yankinmu, shi ne mai kuɗi. Dattijon nan ya bar shi ya wuce saboda ni, kuma ya so ya ɓoye.

Jiya ya sa aka ɗora shi a babur zuwa gonar, ya kira 'ya'yansa da mai unguwa, ya nuna iyaka a gabansu ya miƙa mini. Zogalen da kika shuka a gefe yana nan, bai taɓa sare shi ba. Lokacin tumatir ya wuce, albasa zan sa, kuma na rantse buhun farko gidansa za shi.

Da na durƙusa ina godiya, sai ya ce ba shi zan gode wa ba. Wai ranar da kika je, ya tambaye ki wa zai fanshi gonar in ta Allah ta kasance, kika ce, "Hadiza za ta fanso ta." Ya ce da bakinki kika faɗi sunan, sarai, har sau biyu.

Ban taɓa jin sa a muryarki ba, Inna. Amma jiya a bakin gonarki na amsa.

Na gode da gonar, na gode da tukunyar, na gode da yardar da kika yi da ni ba ki gaya mini ba. Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah Ya ba Malam Ilu lafiya, Ya jiƙan tsufansa, Ya tsaya wa 'ya'yansa kamar yadda ya tsaya mini.

Taki har abada,
'Yar nan,
Hadiza